Ranar da na sa tsofaffin Doka kai wa duktura littattafansu

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Talata a Doka ba, kuma ko ni na so in manta, 'yan unguwarmu ba za su bari ba.

Ni a aji shida na ajiye makaranta. Daga nan na yi kumsari a bas ɗin Gadarif (yaron mota kenan), na ja raksha (keke mai ƙafa uku na haya), na sayar da ƙanƙara, na koyi walda na kwana tara. Ba wanda na kai wata uku a ciki. Da kaka ta yi, Kawu Haruna, ƙanen mahaifiyata da ya riƙe ni tun rasuwar babanmu, ya ce shi ya gaji. Ran Alhamis lori zai tashi zuwa Gadambaliya, zan bi shi yankan dawa har a gama. Duk wanda ya taɓa wannan aikin ya san abin da nake gudu: rana, ƙaiƙayi, da gonar da ba ka hango ƙarshenta.

Ana cikin haka sai ga mutanen jami'a. Wata duktura ce, wato likita mace, da ɗalibanta biyu, suna bincike a kan ƙwaƙwalwa da lafiyar hankalin manoma, za su yi wata guda suna zagaya ƙauyuka har Basunda, suna koyarwa suna tambayoyi. Mai juya musu magana zuwa Hausa suke nema, don tsofaffinmu Larabcin kasuwa suke ji, na jami'a kuwa ta saman kansu yake bi. Kafin a rufe baki na ce ga ni.

"Kai?" in ji Kawu. "Da wane Larabcin?"

"Kawu, a Gadarif fa aka haife ni. Ko mafarki da Larabci nake yi."

"To, madalla. In sun riƙe ka, ka huta. In sun koro ka, lori bai tashi ba tukuna."

Ranar Talatar ita ce gwajina. Aka taru a ƙarƙashin rumfar da ke gefen asibitin unguwa, maza a kan tabarmi, mata daga baya. Na ari jallabiyar abokina, na maƙala biro a aljihu (ba ya rubutu, amma wa zai bincika). Duktura ta fito da ƙwaƙwalwar roba, ta raba ta gida biyu, ta nuna inda tsoro yake tasowa da inda tunawa take zama. Na juya sumul. Har wata tsohuwa, Hajja Asabe, ta ce, "Ashe yaron nan yana da amfani." Na ji kaina ya ƙara faɗi.

Sai duktura ta ajiye robar ta ce yanzu za mu yi magana a kan *ikti'ab*.

Ban taɓa jin kalmar ba. Abin da ya fi kusa da ita a kunnena shi ne *kitab*, littafi. Na ce a raina, haka 'yan jami'a suke faɗinsa, da ɗan ado a gaba. Tana tsaye dab da ni, da na sunkuya na tambaye ta da an wuce wurin. Amma ga idon jama'a, ga Kawu a layin gaba ya harɗe hannu. Na gyara murya.

"Jama'a, duktura za ta yi mana magana a kan littafi."

Tana faɗi ina juyawa. Littafi ba abin kunya ba ne. Mutane da yawa suna da shi, suna ɓoye shi shekara da shekaru. Yana hana mutum barci, yana hana cin abinci, yana sa mutum ya ƙaurace wa jama'a ya zauna a ɗaki shi kaɗai. (Wannan kam na gaskata shi har cikin raina, shi ya sa ma na bar makaranta.) Sannan wani lokacin a gida ake gadonsa.

Nan Malam Sale ya ɗaga sandarsa. Shi ne dattijon unguwa, kakanninsa da ƙafa suka taso daga ƙasar Hausa za su Makka suka zauna a nan.

"Gaya mata ta yi gaskiya. Nawa wurin babana na gada, shi ma wurin nasa baban. Tun daga gida suka taho da shi."

Na juya mata, na ma yi ƙoƙarin faɗin kalmar yadda take faɗi. Ta dube shi da tausayi ta ce ba ta taɓa ganin dattijo mai ƙarfin hali irinsa ba. Sai ta tambaya, a hankali, ko akwai wani kuma mai shi, ko a gidansu. Wallahi hannun da bai tashi ba a rumfar nan bai fi biyu ba. Ɗaliban suka kalli juna. Ɗaya ya shiga rubutu kamar ana korarsa.

Ta ce kada kowa ya tsorata, abin yana da magani. A sha shayi, sannan duk mai shi ya same ta a ɗakin can su biyu, a asirce. Ni kuma na ƙara da nawa: "Kowa ya je ya ɗauko nasa."

Ba a yi rabin awa ba layi ya kafu a ƙofar ɗakin. Malam Sale da gafakarsa ta fata ya rungume a ƙirji. Wani da littattafan addini a ƙunshe cikin zane. Wani direban tarakta da littafin gyaran inji. Hajja Asabe ce ta fara shiga, ni ina biye a matsayina na babban mai fassara. Ta buɗe ɗan littafin addu'o'inta a gaban duktura, duk gara ta huhhuda shi.

"Ce mata shekara uku ina fama. Maganin na barbaɗawa ne ko na hayaƙi?"

Duktura ta kalli littafin, ta kalle ni, ta leƙa waje ta ga layi. Daidai lokacin Ustaz Bashir ya iso, tsohon malaminmu na firamare, wanda ya sha kamo ni a tasha lokacin darasi. Ya tambayi Malam Sale abin da ake rabo. Ya tambayi ɗalibin da ke rubutu. Sai ya dafa ƙofa ya fara dariyar da har tari ya sarƙe shi.

"*Ikti'ab* ta ce, ya waladi, ɗana. Wa ya ce maka *kitab*?"

Na ce ai kusan ɗaya ne. (Eh, da bakina na faɗi haka, a gaban kowa.)

Ustaz ya mayar da mutane rumfa ya yi musu bayani: baƙin ciki ne da ke shiga zuciya ya zauna wata da watanni, mutum ya daina jin daɗin komai, ko tashi daga shimfiɗa ya gagare shi, kuma ba raunin imani ba ne, ciwo ne. Dariyar da ake yi mini ta tsaya cak. Da aka sake tambayar wa ke da shi, ba hannu ko ɗaya. Amma da taro ya watse na ga mutum uku sun koma ɗakin can ɗaya bayan ɗaya, ba littafi a hannunsu. Ɗalibin nan kuwa yana gefe yana soke shafi huɗu.

Duktura ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta kira ni gefe ta ce, "Rashin sanin kalma ba laifi ba ne. Amma a aikin nan mutum zai faɗa maka abin da ko matarsa bai faɗa wa ba. In ba ka gane ba ka cika da naka, ni kuma a kan naka zan ba shi shawara." Ta gode mini. Ustaz Bashir ne ya bi su Basunda.

Ran Alhamis na bi lori. Da muka hau bayansa Kawu ya gabatar da ni ga sauran leburori: "Ga shehin malamin namu, ku matsa masa." Har muka gama yankan dawa ba wanda ya kira ni da sunana a Gadambaliya, Ustaz Kitab kawai.

Kwana arba'in na yi ina susa, kuma a cikinsu na haddace kalmomi uku da ba a koya mini a tasha ba: ban gane ba. Yanzu da wuri nake faɗinsu, wani lokacin ma tun mutum bai gama magana ba.