Yadda Za Ka Sulale Daga Bencin 'Yan Kwata A Gidan Dambe Babu Wanda Ya Gan Ka

Kai da ɓangarenka ya daɗe yana shan ƙasa a gidan dambe, matso kusa, da kai nake. Na san halin da kake ciki. Lahadi ta zame maka ranar makoki, Litinin ranar tsokana. Ko shayi ka je sha, sai mai shayin ya tambaye ka, "Da madara, ko baƙi ƙirin kamar yadda aka yi muku jiya?" To share hawayenka. Ga hanya daki-daki da za ka bi ka zame daga bencin masu faɗuwa ka koma na masu kisa, ba a gani ba, ba a ji ba. Tabbas ce, ba gwaji ba. Ka bi ta yadda na jera, kafin wata ya tsaya kana cikin masu tafi da tsalle.

Don kada ka ɗauka ƙanzon kurege ne, zan riƙa ba ka misali da Barau, dillalin fata a Oko-Oba, wanda ya bi matakan nan. A gidan damben unguwarmu nan Agege benci biyu ne ke fuskantar juna. Ɗaya na 'yan Kwata, wato mahauta da masu dakon nama da duk mai cin abinci a mayanka. Ɗaya na 'yan Tasha, direbobin tirela da yaran motarsu daga Apapa. Barau ɗan Kwata ne gaba da baya. Gwarzon Kwata kuwa Mato ne, yayan matarsa Azumi, wanda a zamaninsa in ya ɗaure hannu sai abokin karawarsa ya tuna yana da ciwon kafaɗa. Yanzu ƙarfi ya fara sallama, duk Lahadi sai an kai shi ƙasa. Ka ga in aka kama Barau yana gudu, ba benci kaɗai zai rasa ba. Kwata ba za ta shigu ba, gida ba zai zaunu ba.

Mataki na ɗaya: Ka zama mai son gaskiya

Kada ka tashi rana ɗaya ka ce ka bar gida. Mahaukaci ne ke dirowa daga motar danfo tana gudu. Mai hankali tun daga nesa yake fara matsowa bakin ƙofa. Fara da sauya baki. Inda ka saba cewa "mu", koma cewa "yaran nan". In ana musu, gyara hula ka ce, "Ni fa wasan nake so, ba ɓangare ba." Wannan magana tana da kwarjini, tana sa a ɗauke ka dattijo, alhali tsoron dariya ne kawai.

Barau ya iya wannan sosai. Har ya kai in Shafi'i, yaron motar da ke tashe a ɓangaren Tasha, ya kai naushi mai kyau, sai ya gyaɗa kai ya ce, "A ba wa mai haƙƙi haƙƙinsa." Mutanen benci suka riƙa cewa Barau ya fara hankali.

Mataki na biyu: Ka guji idon makaɗi

Duk wanda zai tona maka asiri a gidan dambe, bayan makaɗi yake. Mutumin da ya taɓa saka sunanka a kalangu ya ɗaure ka da igiyar da ba ka gani. Barau kuwa a zamanin daɗi ya yi wa Sa'idu makaɗi liƙi ba na wasa ba, shi kuma ya yanka masa kirari: "Barau mai fata, surukin Mato, turken da ba ya tsiguwa!" A lokacin har rausaya yake yi. Yanzu da turken ke neman tsige kansa, kirarin ya zame masa ƙaya.

Saboda haka ka janye hannunka daga liƙi. Amma ka sani, makaɗi in ya ga aljihu ya yi shiru ba ya daina kiranka, ƙara murya yake yi. Ranar da Barau ya sunkuyar da kai yana danna waya, sai Sa'idu ya rataya kalangu ya zo har gabansa ya durƙusa.

"Turke, lafiya? Yau ko ɗaga hannu babu?"

"Mura nake yi, Sa'idu."

"Ikon Allah. Murar bana a aljihu take kama mutane."

In haka ta same ka, yi tari sau biyu ka kalli sama. Makaɗi ba ya daɗewa a gaban mai tari, yana tsoron muryarsa.

Mataki na uku: Ka toshe ƙofar gida

Wannan mataki ga mai iyali ne, musamman wanda ya yi gangancin auren ƙanwar ɗan dambe. Ranar da za ka tsallaka, dole a gida a san ba ka gidan dambe. Nemi uzuri mai nisa, inda gosulo zai tsaya maka shaida. Amma ka auna uzurin da sana'arka, kada ka yi irin ta Barau.

Da safiyar Lahadin ya dubi Azumi ya ce, "Yau fa ba zan samu zuwa wajen Yaya ba. Akwai mai sayen fata da ke jirana a Idi-Araba."

Azumi tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Fata a Idi-Araba, Baban Mastura? Majema sun koma can ne ban ji ba?"

"Harkar kasuwa ce, ba za ki gane ba."

"Haka ne. To Allah ya ba da sa'a." Ta ci gaba da tankaɗenta. Sai da ya kai bakin ƙofa ta ƙara, "In ka ga Yaya a Idi-Araban, ka ce masa ya riƙa kare haƙarƙarinsa na hagu. Tun wancan makon yake numfashi da ƙyar."

Kada irin wannan ta karya maka gwiwa. Mace in ta ce "Allah ya ba da sa'a" ba tare da ta dube ka ba, ɗauki addu'ar ka bar mata sauran.

Mataki na huɗu: Ka nemi mai masauki a can

Ba a faɗa wa bencin mutane kamar an jefo ka. Tun kafin ranar ka samu babba a cikinsu ka shafa masa mai. Barau ya samu Munir, direban tanka, haihuwar Legas, wanda Hausarsa da Yarbancinsa da Turancin titi a tukunya ɗaya suke dahuwa. Ya ja shi gefe a wajen mai tsire ya karanta masa buƙatarsa a kunne.

Munir ya yi dariya har da dukan cinya. "Oga Barau! Kai ma? Oya, ka zo, benci na da faɗi. Amma abeg ka zauna ta baya. Kuma in gaya maka gaskiya, fasinjan da ya sauka don taya ta yi faci, to mu ma muna yin faci fa."

Wannan "kai ma" ɗin ya kamata Barau ya tsaya ya auna. Bai auna ba. Kai ma kada ka auna, tunani da yawa yana hana tafiya.

Mataki na biyar: Ka sauya kama

Aro rigar direba, wadda baƙin mai ya yi wa ado. Sa baƙin tabarau, ka jawo hular sanyi har gira, ko da rana na narka kwalta. Ka shiga ta ƙofar baya bayan la'asar, lokacin da kiɗa ya ɗauke hankalin kowa.

Abu ɗaya ne ba ni da maganinsa: wari. Wanda ya yi shekaru yana juya fata a Oko-Oba, ko da sabulun duniya ya yi wanka, ƙudan kwata sun san nasu. Barau ya zazzaga turare har na kusa da shi na atishawa, amma yana zama ƙudaje uku suka zo gaisuwa. Kore su a hankali, kamar ba ka san su ba.

Mataki na shida: Ka koya wa jikinka ƙarya

Baki yana da sauƙin juyawa, amma kafaɗa ba ta jin magana. Wanda ya daɗe yana bin ɗan dambe ɗaya, in gwarzonsa ya kai hannu, tasa kafaɗar ma sai ta motsa. In aka kawo masa naushi, sai ka ga shi ma ya kauce a zaune. Da wannan ake gane baƙo a benci. Don haka ka zauna a kan hannuwanka, ka danne su da nauyinka duka.

Haka Barau ya yi da aka haɗa Mato da Shafi'i. Turmin farko ya wuce babu kisa. Mato ya kai wani tsohon naushinsa na ƙasan haɓa, saura ƙiris ya samu, "Yauwa!" ta taso wa Barau har maƙogwaro, ya haɗiye ta ta koma tari.

Da ya samu sarari sai ya leƙa ta saman tabarau ya hango bencin Kwata. Wayam. Daga wani tsoho mai gyangyaɗi sai Sa'idu yana kaɗa wa katako kalangu. Ya waiga damansa, sai ya ga wani mai baƙin tabarau da rigar direba, shi ma a zaune kan hannuwansa, ƙuda na zagaya shi. Ya waiga hagu, ga wani. A gabansa ma ga ƙeyar da ya sani tun suna dakon nama tare. Kowa ya gane kowa, kowa ya miƙe wuya yana kallon fili.

In ka tsinci kanka a haka, kada ka yi sallama. Ɓarayi biyu in sun haɗu a rumbu ɗaya, ladabi shi ne kowa ya auna nasa ya yi shiru.

Mataki na bakwai: In an yi kisa, ka kalli sama

Nan ne wuyar aikin, kuma nan nake so ka buɗe kunne. Da zarar gwarzonku na da ya faɗi, miƙe tare da jama'a, ka ɗaga hannu, ka yi ihu, idonka a sama. Ko da wasa kada ka kalli ƙasa. Domin a dambe, in mutum ya faɗi, nasa ne ke shiga fili su ɗaga shi, su kakkaɓe masa yashi, su kwance masa zaren hannu. Abokan gaba ba sa taɓa shi, ba huruminsu ba ne. Wanda ya faɗi yana kwance ne yana jiran mutanensa.

A turmi na biyu Shafi'i ya samu haƙarƙarin hagun nan. Mato ya durƙushe, sannan ya kwanta a gefe ɗaya. Bencin Tasha ya ɗauki ihu gaba ɗaya, aka ɗaga Shafi'i sama ana zagayawa da shi. Barau ya miƙe, ya ɗaga hannu, ya buɗe baki. Komai daidai. Sai ya kalli ƙasa.

Mato na kwance, ya dafa yashi da hannun da ba a ɗaure ba, ya juya kai wajen bencin Kwata yana jira. Tsohon nan bai farka ba. Sa'idu ya daina kiɗa ya tsaya riƙe da kalangu, shi makaɗi ne, ba ya shiga fili. Alƙalin wasa ya dubi bencin, ya dubi Mato, ya kau da kai. Filin ya yi wa Mato faɗi.

Barau ya ce shi dai bai san lokacin da ya taka cinyar Munir ya tsallake igiya ba. Sai ganin kansa ya yi a tsakiyar fili, da rigar aro da hular sanyi, daga ɓangaren abokan gaba, a gaban duk Agege, wayoyi na ɗauka. Ya durƙusa ya tallabo Mato.

Mato ya buɗe ido ɗaya ya ƙare masa kallo. "Mijin Azumi, ta wace ƙofa ka ɓullo?"

"Yaya, rana ce ta yi yawa a bencinmu."

"Uhum. Rigar wa ce wannan? Warin gas take yi."

"Yaya, yi shiru ka numfasa."

"Tun turmin farko na gan ka. Duk bencin nan kai kaɗai ke kaucewa in an kawo mini hannu. Kwance mini zaren nan, hannun ya kumbura."

Barau ya fara warware zaren. Ya yi yunƙurin ɗaga shi, amma Mato mahauci ne, ba nauyin mutum ɗaya ba ne. Ya ɗago kai ya dubi bencin Tasha, ya cire tabarau, ya ce da ƙarfi, "To, sai na kira suna?"

Can sai mai tabarau na dama ya miƙe yana gyara wando kamar fitsari zai je, ya tsallako. Na hagu ya biyo shi. Ƙeyar nan ta gaba ta taso. Kafin ka ce kwabo sun zagaye Mato, wannan ya kama ƙafa, wannan ya riƙe kafaɗa, wannan yana kakkaɓe yashi, kowa da rigar direba, babu mai kallon idon wani. Sa'idu ya saki kiɗan kalangu kamar an yi nasara.

Munir ya dubi gibin da aka bar masa a benci ya ɗora hannu a ka. "Haba! Ashe rabin bencina 'yan haya ne!"

Suna fita da shi a kafaɗa, Mato ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Lahadi mai zuwa in can za ku zauna, ku zauna a layin gaba. Ya fi kusa da inda nake faɗuwa."

Babu wanda ya koma bencin Tasha. Har yau suna bencinsu na da, ana kayar da su tare, ana yi musu dariya tare, duk kwata ana kiransu 'yan tabarau. Ka ga laifin ba na hanya ba ne. Na ce a kalli sama, Barau ya kalli ƙasa.

Gargaɗi

Ni dai hanya na nuna, ban ce ka bi ba. In makaɗi ya saka ka a waƙa, in hotonka ya zaga wayoyin Agege, in mai rigar ya biyo ka har gida, ko uwargida ta ajiye maka tuwo babu miya, babu hannuna, babu ƙafata, ban san ka ba. In kuwa ka san kana da irin zuciyar da ba ta iya ganin nata a ƙasa ta wuce, to kada ka ɓata kuɗinka a tabarau. Koma bencinku ka zauna, ka sha baƙin shayinka ranar Litinin.