Sarkin Ruwan Gwammaja

Ba zan taɓa mantawa da wata bazara ba, can cikin shekarun hamsin, lokacin ina saurayi a Gwammaja, ina aikin ƙaramin akawu a kantin wani Bature mai sayen fata da gyaɗa. Ni mutum ne da ba na iya zama wuri ɗaya. Tun ina yaro iyata take cewa kamar an zuba mini tururuwa a wando. Abin dariyar shi ne, duk wannan rawar ƙafa ba ta taɓa kai ni ko'ina ba. Daga Gwammaja sai kanti, daga kanti sai Gwammaja. In ka ji na yi nisa, to Dala na hau na leƙa abin da ke bayan ganuwa na sauko.

Shi kuwa Baturen nan, duk Asabar da an rufe kanti da rana, sai ya sa a loda masa kwando da kujerar naɗewa a mota, ya ɓace. Ranar Litinin ya dawo fuska jawur, ya tsaya yana ba babban akawu labari: wannan makon ya hau duwatsun Rano, wancan ya je Wudil, wani makon Kazaure. Ni ina gefe ina kwafe takardu, kunnena yana wajensu, ƙafata tana kaɗawa a ƙarƙashin tebur. A kan teburinsa akwai wani hoto da ya hana ni sakat. Shi ne tsaye cikin kogin Chalawa, ruwa har ƙirji, ya ɗaga wani ƙaton kifi yana washe baki. Na kalli hoton nan ya fi sau dubu, amma ko sau ɗaya ban tambayi a wane wata aka ɗauke shi ba.

Da yamma sai in kwaso labaran in kai majalisarmu ta gindin ceɗiya. Da farko ina da tsoron Allah, ina farawa da "an ce". An ce a Rano akwai dutse mai sanyi, an ce a Kazaure kaza. Wallahi ban san ranar da "an ce" ɗin nan ta faɗi a hanya ba. Na dai wayi gari ni ne nake hawa duwatsun, ni ne nake cin kasuwar Wudil, ni ne kuma nake iyo a Chalawa duk ƙarshen mako. (Ranakun Lahadin da ake zaton ina can, ina gidan gwaggota a Mazugal, kwance a soro ina fifita.) Har shawara ake zuwa nema wajena. Wani ya ce, "Zafin nan ya ishe ni, ina zan je in sha iska?" Sai in gyara hula in ce, "In hutun kwana ɗaya ne, Chalawa. In biyu ne, to Rano."

A lokacin ina neman auren Hadiza. Mahaifinta ya rasu tun tana ƙarama, a hannun kakanta ta tashi, Malam Inuwa, marini a Ƙofar Mata. Tsoho ne dogo, hannuwansa shuɗi har gwiwa, ba ya yawan magana. Kamar kowane kaka, Hadiza "matata" yake ce mata, ni kuma "ɓarawo". Wasa ne, amma kowa ya san in ya ce a'a, magana ta mutu. Iyayena sun je sau biyu, amsarsa ɗaya ce: "Ina duba yaron tukuna."

Ranar wata Laraba na biya marina in gaishe shi. Rana kamar ta sauko ƙasa, warin shuni ya cika wuri, yana tsaye bakin rami yana juya ruwan rini da doguwar sanda. Na durƙusa na kwashi gaisuwa.

"Ɓarawo," ya ce, bai ko dube ni ba, "labari ya iso mini wai kai ne kake wanka a Chalawa duk Lahadi."

Nan ne ya kamata in ce, "Malam, zancen majalisa ne." Amma marina huɗu sun tsaya da aiki suna saurare. Na ji bakina yana cewa, "Ƙwarai kuwa, Malam. Ruwa har ƙirji."

"Har yanzu, cikin bazarar nan?"

"Ai yanzu ya fi daɗi ma."

"Madalla. Zafi ya dame ni, ƙuraje sun fito mini a baya. Lahadin nan ka kai ni."

Kai, jama'a! Daga Larabar nan zuwa Lahadi ban san me na ci ba. A kanti na kwafi takarda ɗaya sau uku. In na zauna sai in miƙe, in na miƙe in rasa inda zan nufa. Amma maimakon in je in faɗi gaskiya, sai na shiga shiri. Na ce a raina, ai kogi kogi ne, ba ya gudu, ga shi nan a hoto. Na tambayi wani ma'aikacin reluwe jirgin da ke tsayawa a can (wai don wani abokina nake tambaya). Na kai wa tela yadi ya ɗinka mini gajeren wando irin na Baturen, ja mai ratsin fari. Na sayi tawul, na sayi ƙugiya da zare. Ni da ko kududdufin unguwarmu ban taɓa shiga ba! Kuma saboda wauta ba ta tafiya ita kaɗai, ranar Asabar da na je zance na ce wa Hadiza ta tanadi yaji, gobe za ta ci kifi.

Lahadi da safe muka hau ƙaramin jirgin nan mai tsayawa a kowace tasha. Wannan ne hawana jirgi na farko, amma na zauna na ɗora ƙafa kan ƙafa kamar a ciki aka haife ni. Da ya yi kuka zai tashi, na zabura har hulata ta faɗi. Malam Inuwa ya ɗauko ta ya miƙo mini.

"Ka saba dai, ko?"

"Sosai, Malam."

Muka bar gari. Ta taga ba abin da nake gani sai gonaki fayau, kututturen dawa, da shanu da suka rame suna neman inuwa. Na koma wancan benci, na dawo, na leƙa, na gyara ƙunshina. Can ya sake cewa, "Ɓarawo, ka tabbata makon jiya ka zo?" Na ce, "Na zo mana." Ya gyaɗa kai ya ɓare goro.

Da muka sauka ban san gabas ba ban san yamma ba. Na tsaya ina ɗaure igiyar ƙunshi da ba ta kwance ba, don in ga inda mutane za su nufa. Ya ce, "Kai ne ɗan gari, shige gaba." Na bi wasu mata masu tuluna a ka, na ce ai duk mai tulu ruwa za shi. Muka yi ta tafiya, ƙasa tana ƙona ƙafa ta cikin takalmi, har muka kai wata gangare. Na ɗan yi sauri in riga shi, na leƙa.

Yashi. Yashi ne fari fat, shimfiɗe daga wannan gaɓa zuwa waccan, har wani mutum yana kora jakuna ta tsakiya. Ko ruwan da kaza za ta sha ban gani ba. Can gefe matan nan sun durƙusa sun tona ramuka, suna kwarfar wani ɗan ruwa da ƙoƙo suna zubawa a tulu.

Ni kuwa ga ni tsaye, tawul a kafaɗa, ƙugiya a hannu, jan wandona yana leƙowa daga ƙunshi. Da ina da hankali da nan na tsaya. Ina! Sai na juya na ce da ƙarfi, "Ikon Allah! Malam, makon jiya fa ruwa har nan."

Wata tsohuwa daga cikin matan ta ɗago kai. "Wane makon jiya, ɗan nan? Kogin nan rabonsa da gudu tun bayan an gama girbi." Sai ta sa hannu ta kare rana, ta ƙura wa na bayana ido. "A'a! Malam Inuwa, kai ne? Sannu da zuwa! Bana ka yi sammako, ai ganyen shuni bai ko tsiro ba."

Inna lillahi. Ashe shekara arba'in mutumin nan yana zuwa ƙauyen da ke bakin kogin sayen ganyen da yake rini da shi. Kowa ya san shi, har karnukan garin.

Bai yi dariya ba, wannan ya fi komai ciwo. Ya gangara cikin yashin, ya nemi wuri ya zauna, ya miƙo shuɗin hannunsa. "Kawo rigar in riƙe maka. Shiga mana, kada ka fasa don ni. Sai dai ka bi a hankali, ka ce har ƙirji ne."

Matan suka fashe. Wata har ta kifar da ƙoƙonta. Tsohuwar ta jawo wandon daga ƙunshi ta ɗaga shi sama tana tambaya ko tutar Turawa ce. Ni dai na durƙusa a gabansa cikin yashi mai zafi, na ce, "Malam, ban taɓa zuwa ba. Ko Rano, ko Wudil, ko'ina ban taɓa zuwa ba. A hoto na gani."

"Na sani," ya ce. "A marina na tambaye ka, a jirgi na tambaye ka sau biyu. Kowane karo ina cewa yanzu yaron zai faɗa." Ya dube ni har na ji kamar in tona rami in shige. "Rashin zuwa ba laifi ba ne. Amma matata marainiya ce. In ka ce mata akwai hatsi a rumbu, so nake in ta buɗe ta tarar."

Wallahi a nan na ga Hadiza ta fita daga hannuna, na ji hawaye ya taho. Sai ya karɓi ƙoƙo daga wata mata ya jefo mini. "Tona."

Na yi ta tono da hannu da ƙoƙo, gumi yana shiga mini ido, har rami ya kai kafaɗata. A hankali ruwa ya fara tsattsafowa, garau, mai sanyi kamar na randa. Muka sha, muka yi alwala, muka yi azahar a gindin wata giginya. Da muka shafa ya ce, "To, yau ka zo Chalawa, ka taɓa ruwanta. Gobe ka zo marina ka faɗa wa mutanen nan huɗu abin da ka gani, da bakinka. Daga nan ka wuce gindin ceɗiyarku. In ka iya wannan, ka turo iyayenka."

Na iya, amma ban so maƙiyina ya iya irinta. Marina sun yi dariya har ɗaya ya kusa faɗawa rami. A majalisa kuwa nan take aka naɗa ni Sarkin Ruwan Gwammaja, sunan da har jikokina suka gada. Hadiza kuwa sai ta aiko ƙanwarta da ƙullin yaji, wai in ajiye har kifin ya iso.

Bayan damina aka ɗaura aure. Daga baya na je Rano, na je Wudil, na ga Chalawa cike har tana cin gaɓa, kuma ban shiga ba, don har gobe ban iya iyo ba. Abin da na koya dai shi ne, "an ce" ba ta da nauyi, gara mutum ya yi ta ɗaukarta duk inda za shi. In ma na manta akwai mai tuna mini. Yau shekara nawa, da na gyara zama zan ba baƙi labari, sai in ji muryar Hadiza daga tsakar gida: "Malam, wannan ka je ne, ko a hoto ka gani?"