Muƙaddashi da Bokitan Kurkum

Idan ana lissafin manyan mutanen da Allah ya albarkaci layin nan da su, dole a fara da mai gidan nan mai koriyar ƙofa, sannan a ɗan huta kafin a ambaci wani. Shekara talatin da biyar ya yi yana aikin gwamnati, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa kama shi da laifin yanke shawara ba. Takarda ta zo masa daga hagu, ya rubuta "a duba" a gefenta, ya tura ta dama. Sau ɗaya, da aka kwantar da Darakta a asibiti, ya riƙe ofis na kwana goma sha ɗaya. Kwanakin nan sha ɗaya sun fi shekara talatin da biyar ɗin tsawo a bakinsa, shi ya sa daga mai shago har mai gyaran babur kowa Muƙaddashi yake ce masa. Shi kuwa yana amsawa da ɗaga hannu, don a ganinsa girmamawa ce.

Ritaya ta zo masa da wata irin cuta. Ya tashi da safe, ya yi wanka, ya sa kaya masu guga, ya soka biro uku a aljihu, sai ya rasa wanda zai ba umarni. Ya fara gwada kicin. Ya manna jadawalin girki a jikin firji, ya ce daga yau sai an rubuta buƙata kafin a buɗe gwangwanin gishiri. Matarsa ta karanta jadawalin tsaf, ta cire shi, ta goge man da ya zube a kan murhu da shi. Ya koma ƙofar gida yana tsara wa maƙwabta inda za su ajiye mota, su kuma suka riƙa gaishe shi da ladabi suna ajiyewa inda suka saba.

A can ƙuryar gidan, tsakanin tankin ruwa da bishiyar gwaba, akwai tsofaffin bokitan fenti guda tara, kowanne da kurkum a shuke. Na Yaya ne. Yaya ta girme shi da shekara goma sha biyu, ita ta goya shi, kuma har gobe Auta take ce masa ko a gaban wa. Tun da mijinta ya rasu take zaune a ɗakin da ke kusa da tankin. Irin kurkum ɗin nan daga hannun mahaifiyarsu ya fito, Yaya ta yi ƙaura da shi sau uku ba ta bari ya mutu ba. Bara ruwa ya yi masa yawa, fiye da rabi ya ruɓe, taran nan su suka rage. Da shi take lallaɓa gwiwoyinta idan sanyi ya shigo, kuma ko a cika mata buhu da na kasuwa ba za ta ce ta samu madadinsa ba. Idan waɗannan suka tafi, abin da ya rage mata na uwarsu ya ƙare ke nan.

Shekara shida Muƙaddashi yana wuce bokitan nan yana zaton ayaba ce ta ƙi girma. Shi kurkum ɗin da ya sani shi ne garin nan rawaya da ke cikin kwalba a kicin. Rannan yana kishingiɗe ya ji wani a rediyo yana cewa duniya yanzu ta koma kan tsirran magani, kuma kurkum na gaba-gaba. Ya ce wa matarsa ya kamata a nemo irinsa ko daga ƙasar waje ne. Ta ce masa ga shi can wajen Yaya.

Washegari ya bayyana a ƙuryar gida da sabon fayil a hammata. Ya tarar da Yaya ta sunkuya tana tsintar haki a bokiti.

"Yaya," in ji shi, "abin takaici ne a ce dukiya irin wannan tana zaune shekara da shekaru ba tsari, ba fayil, ba shugabanci. Daga yau na karɓi ragamar aikin. Ke kuma za ki ci gaba a matsayin mai ba da shawara, idan an nema."

"Auta, ba ya son hayaniya fa," in ji ta. "Inuwa yake so, da ruwa daidai, sai haƙuri."

Ya rubuta a shafi na farko cewa an saurari ra'ayin mai ba da shawara, ya rufe fayil.

Kafin sati ya zagayo an kafa allo a ƙofar gida mai cewa nan ce Cibiyar Bunƙasa Tsirran Magani, da hotonsa a gefe yana kallon nesa. Aka sa wa bokitai lamba ɗaya zuwa tara da jan fenti. Aka kwashe su daga inuwar gwaba aka jera a kan simintin ƙofar gida, inda rana ke dukan wurin tun hantsi har la'asar, saboda aikin da jama'a ba su gani ba kamar ba a yi shi ba ne. Wajen kwashewar nan ne idon ƙwararre ya gano babbar badaƙala. Kowane bokiti da huji a gindinsa, ruwan da aka zuba yana zurarewa ƙasa, ba wanda ya taɓa kai rahoto.

"Abin da ya kashe ma'aikatu da yawa ke nan," in ji Muƙaddashi. "Ana zubawa ta sama, yana tsiyayewa ta ƙasa. A ƙarƙashin shugabancina za a toshe duk wata kafa ta ɓarna."

Ya kira mai gyaran famfo ya liƙe hujin duka. Sannan ya fito da jadawalin ban ruwa, ƙarfe takwas da sha biyu da huɗu, Litinin zuwa Juma'a. Asabar da Lahadi babu ruwa, don ba ranakun aiki ba ne. Kurkum dai bai san dokar aiki ba. Bakin ganye ya ƙone da rana, gindi ya jiƙe jagab, cikin sati uku lamba biyu da lamba bakwai suka kwanta suna wari. Muƙaddashi ya kafa kwamitin bincike mai mutum ɗaya, ya zauna kwana biyu, ya gano cewa matsalar rashin haɗin kai ne daga ɓangaren mai ba da shawara.

Yaya ta bi ta bayan fage. Ta san ƙanenta tun yana rarrafe, ta san idan aka ja da shi sai ya ƙara kafewa. Kullum ya ci abincin rana ya shiga barcinsa na manya, sai ta ɗora ƙusa a murhu ta yi ja, ta fita tana dafa bango, ta sake huda gindin bokiti ɗaya. Matarsa kuwa ta ɗauki nata kason. Ta same shi yana karanta jarida ta ce ta ga wasu mutane suna ɗaukar hoton shukar da waya, tana jin ɓarayin fasaha ne. Kafin ta rufe baki ya ba da umarnin gaggawa a mayar da bokitai ƙuryar gida saboda dalilan tsaro. Bakwai ɗin da suka rage suka farfaɗo, suka fitar da ganye faffaɗa kore shar, Muƙaddashi ya rubuta a fayil cewa gyare-gyarensa sun fara haifar da sakamako.

A wata na tara da shuka ganye ya fara yin rawaya yana sunkuyawa. Duk wanda ya taɓa shuka kurkum ya san ma'anar wannan: abin da ke cikin ƙasa ya nuna, sai a janye ruwa, a jira ganye ya bushe, a tono. Ana cikin haka 'yar Yaya ta haihu a wani gari, Yaya da matar gida suka shirya tafiyar kwana huɗu. A bakin mota Yaya ta riƙe hannunsa.

"Auta, don Allah kar a taɓa su, kar a ba su ruwa. Ka bari sai na dawo."

Ya ce an lura da buƙatar.

Kwana huɗu gidan ya zauna a hannunsa ba mai sa ido. A rana ta farko ya tsaya gaban bokitai, hannu a baya, ya ƙura wa ganyen ido, sai basira ta sauko masa. Ya shiga kicin ya ɗauko kwalbar kurkum, ya kara ta a jikin ganye. Rawaya nan, rawaya nan. Ashe sirrin da tsofaffi suka kasa bayyanawa ke nan: launin maganin ne ya hau ganye, abin da ya rage kawai a yanke a niƙa. Ya ji tausayin Yaya, shekara da shekaru tana riƙe da abu ba ta san kimiyyarsa ba. Nan take ya buga wa tsofaffin abokan aiki waya ya gayyace su bikin ƙaddamarwa ranar Asabar.

Ya yanke ganye da almakashin ɗinkin matarsa, ya shanya a kan mota, ya niƙa a injin markaɗe har injin ya fara ƙauri. Da yake shi mutum ne mai son a rufe aiki a tsabtace, ya juye ƙasar bokitan cikin buhuna, tare da wasu dunƙule-dunƙulen saiwoyi masu kama da kumburarrun yatsu, duk laka, ya ja su ƙofar gida. Ranar Juma'a mai kwasar shara ya zo da baronsa ya tafi da su. Muƙaddashi ya wanke bokitai tas, ya kife su bisa tsarin lamba.

Da hantsin Asabar matan suka dawo, suka tarar da rumfa da kujeru a ƙofar gida. Yaya ko jaka ba ta ajiye ba ta wuce ƙurya. Ya bi ta don ya karɓi yabo.

"Auta, ina ƙasar?"

"An kwashe shara tun jiya."

Ta zauna a kan bokiti lamba huɗu, ta sa gefen mayafi a fuska. Rabonta da irin kukan nan tun ranar da aka binne mahaifiyarsu, kuma duk mai zuciya da ya gan ta sai ya ji tausayinta har cikin ransa. Matarsa ta yi masa wani kallo ta juya. Muƙaddashi ya fahimci cewa tsofaffi haka suke, ci gaba yakan zo musu da nauyi, ya tafi ya canza riga.

Baƙi takwas suka zo, duk 'yan fansho. An fito masa da babbar kujerar falo an ajiye a tsakiya, don a zaune yake karanta jawabi, tsayuwa ta ƙananan ma'aikata ce. Garin nasa dai bai fito rawaya ba, ya fito ruwan ƙasa kamar dusar katako, amma ya bayyana cewa nasa ne na asali, kamfanoni ne ke zuba kala. Aka dama a ruwan zafi aka ba kowa kofi. Ɗanɗanonsa kamar an jiƙa tsohuwar tsintsiya. Baƙi suka kurɓa, suka gyaɗa kai, suka ce lallai an ji ƙarfin magani. Ba a banza suka yi shekara talatin suna cewa na'am ba.

Jawabin shafi goma sha biyu ne. Yana shafi na biyar, inda yake bayanin yadda ya ceto shukar daga hannun jahilci, sai ga ƙarar baro. Mai kwasar shara ne, dattijo mai furfura a gemu, gumi har wuya. Ya tsaya a bakin rumfa ya sauke rabin buhu.

"Yallaɓai, a gafarce ni na katse taro. Jiya da na je juye kaya na ga kurkum a cikin buhunanku, mai kyau, har da na iri masu ido. Na ce babu babban da zai zubar da wannan da saninsa, wataƙila yara ne suka yi ɓarna. Shi ne na tsince na wanke na dawo da shi."

Ya ɗauki ɗaya ya karya da babban yatsa. Cikinsa rawaya kamar ɗorawa, ƙamshi ya cika rumfar. Baƙi suka dubi yatsan dattijo, suka dubi abin da ke cikin kofunansu. Tsohon ma'aji ya sunkuya kamar zai gyara takalmi, ya tuttular da nasa a ƙarƙashin kujera.

"Kamar yadda zan yi bayani a shafi na tara," in ji Muƙaddashi, "wannan shi ne kashi na biyu na shirin..."

Ba wanda ya ji ƙarshen maganar, don Yaya ta fito. Ta durƙusa a kan simintin nan da gwiwoyin da ko matakala ba sa so, ta zura hannu a buhu, tana ɗagowa ɗaya bayan ɗaya tana duba ido, tana ware na iri a cikin zaninta. Da ta ga sun isa har da ragi, ta goge fuska, ta yi wa dattijo addu'a. Sannan ta ɗago kai ta dubi ƙanenta.

"Auta, tashi ka ba bawan Allah kujera. Daga nesa ya turo baron nan."

Shugaba kuma wanda ya kafa Cibiya ya dubi Yaya, ya miƙe. Dattijo ya zauna a ɗosane a bakin babbar kujerar. Baƙi suka jawo nasu kujerun suka kewaye shi, wannan yana tambayar zurfin ramin da ake sa iri, wancan yana tambayar ko zai yi a tsohuwar taya. Muƙaddashi na tsaye a gefe da shafi bakwai a hannu, yana gyaran murya, yana jiran a dawo kan ajanda. Can tsohon direban ofis, wanda ya yi shekara ashirin yana buɗe masa ƙofar mota, ya taɓa shi a gwiwar hannu.

"Ranka ya daɗe, ɗan gusa kaɗan, kana tare mana."