Ni da Agwagwata

Ina tsugune gaban agwagwa ina karanta mata code, wato rubutun manhajar kwamfuta, layi-layi, sai Inna ta leƙo. Abokin aikina da rikici ya koro daga garin Buea ne ya ce in code ya ƙi, ka yi wa agwagwa bayani, za ka ga kuskurenka. Bai ce ta roba yake nufi ba. Ni gwani, na sayo mai rai, don in ban gama ba, washegari mai shagon kasuwar Mboppi da ya ba ni aikin zai ba wani.

"Da wa kake Faransanci?" in ji Inna.

"Aiki muke, Inna."

"Muke?" Nan take ta aika a kira malam ya yi mini tofi.

Kuskuren dai na gano shi. Amma har yau 'yan unguwarmu New Bell sai su tsokane ni da agwagwar su ce, "Patron, ya Madam?" Don Allah me zan ce musu, bayan mun cinye ta da sallah?