Kadan Tuwon Shinkafa

Ba zan taɓa mantawa ba da waccan Larabar, kuma ko na so in manta, waɗanda suka gani suna nan da ransu, ba za su bar ni ba. Bari in lissafa su, don kada a ƙara mini da waɗanda ba su je ba. Akwai Anti Rukayya, malamar ajin ƙanana. Akwai Malam Bukar maigadi, da usur ɗinsa da gorarsa. Akwai Yagana, sa'ata, mai suyar awara a ƙofar makarantar, wadda in ta ji magana da hantsi, kafin azahar maganar ta isa Kirikasamma. Akwai surukata Fa'iza, wadda bai kamata ma a ce tana garin ba. Akwai yara cike da aji, cikinsu har da jikana Abba, ɗan shekara huɗu, mai sunan marigayi mijina, wanda nake kira Maigida. Sai kuma ni, uwar gayya.

Ni dai ban taɓa zama a aji ba, ko na yini ɗaya. Amma a layinmu nan Haɗeja yara Hukuma suke ce mini a bayan idona (sun ɗauka ban sani ba, na sani, har daɗi nake ji). In ina zaune a ƙofar gida, budurwa ba ta isa ta wuce da kallabi a rabin kai ba. Babbar dokata kuwa ita ce, ba a wasa da abinci. 'Yar Auyo ce ni, ubana noma da damina, su da rani. Na san yadda ake shiga ruwa har cinya, a yini ana korar tsuntsu har murya ta dushe, kafin a samu tiya ɗaya ta shinkafa.

To sai Allah ya haɗa ni da suruka mai waya. Yarinya ce mai ladabi, ba ni da ta cewa. Amma tun da aka sa Maigida a makaranta ta tsiro da sabuwar sana'a. Wai makarantar ce ta ce kowace Laraba abincin yara ya zo da siffa: wannan mako dabbobin gida, mako na gaba motoci. Sai ka ga mace da hankalinta ta duƙa tana kallon waya, tana yi wa dafaffen ƙwai kunnuwa da karas wai zomo, tana dunƙula shinkafa tana manna mata gashin baki da taliya wai kyanwa. Ni kuwa ina kan tabarma ina jan carbi ina aika saƙo: "Allah ya kyauta. Mu da muka ci tuwo ba ido ba hanci, ga mu nan mun girma." Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Haka ne, Inna." Shekara guda ina wannan wa'azi. Har wajen Yagana na kai ƙara, muka haɗu muka yi wa zamani tas.

Ran wata Litinin ƙanwar Fa'iza ta haihu a Malam Madori, ta shirya za ta kwana uku. Tana fita ta ce, "Inna, ran Laraba a zuba masa duk abin da aka dafa, ni zan ba Anti haƙuri." Uban yaron kuwa (ɗan fari ne, ku yi haƙuri, ba na kama sunansa) yana can gona wajen shinkafarsa. Gida ya rage daga ni sai Maigida.

Talata da yamma ya zo ya tsaya a kaina, baki a tunzure.

"Tsohuwa, gobe ranar kogi ce. Kowa zai zo da abin cikin ruwa."

Na ce, "To, kai ka je da ruwan."

"Ummi 'yar ajinmu ta ce mamanta za ta yi mata kifi mai dariya. Ke ba ki iya komai ba. Na sake ki, Yagana zan aura."

Ba sakin ne ya ƙona ni ba, don sau goma yake sakina a yini in na hana shi alewa. "Ba ki iya ba" ɗin nan ce ta tsaya mini a maƙoshi. Ni da na iya tuƙa kwalekwale tun ban iya ɗaura zani ba, a ce wata 'yar birni ta fi ni sanin abin da ke cikin kogi? Kifi mai dariya! Shekara sittin ina gyaran kifi, ban taɓa cin karo da wanda ya yi ko murmushi ba.

Ina idar da sallar asuba na sa wa ƙofar gida sakata, na ɗora tukunya. Na ce in za a yi, a yi na gaske. Ni na taɓa ganin kada ido da ido ina yarinya, ran da ya ɗauke mana agwagwa a bakin gulbi, kuma har yau in na rufe ido ina ganinsa. Na tuƙa tuwon shinkafa mai tauri, na mulmula shi dogo, na fitar da wutsiya da ƙafafu huɗu. Na daka dafaffen zogale na shafe shi, ya yi kore shar. Fatar soyayyar tarwaɗa na yayyanka na jera masa a gadon baya, tudu-tudu. Idanu kuwa na ƙwaƙulo na karfasa, na gaske, farare fat. Haƙora na fere kwakwa tsini-tsini, na kafa sama da ƙasa, na tokare bakin ya tsaya a wangame.

Jama'a, ashe daɗi gare shi! Ina yi ina ja da baya ina karkata kai, in dawo in gyara wutsiya. Can sai na ji wani yana rera waƙar masunta a madafin, na waiga, ashe ni ce. Har magana na yi masa, na ce, "Kai, amma ka haɗu." Sai na tuna da agwagwarmu, na ga ai labarin bai cika ba. Akwai ƙafar kaza da ta rage a miyar jiya. Na cusa ta cikin bakin, yatsun a waje, na ɗiɗɗiga manja da jar miya har ya gangaro ta haɓa. Na tafa hannu ni kaɗai.

'Yar robar abincinsa ba ta ɗauke shi ba, sai na sauko da babbar langata ta jere, na naɗe wutsiyar a ciki, na rufe, na ƙulle da kallabi. Ban nuna wa Maigida ba (nan ne na yi wautar farko), wai don ya ga abin mamaki. Na dai kama kunnensa na ce, "Ko wa ya tambaye ka, Mamanka ce ta yi kafin ta tafi. Ka ji ko?" Mai babur ɗin da ke kai shi ya zo, suka tafi, langa a kan tanki.

Da na zauna a gida da shi ke nan. Amma zama ya gagara. Na share tsakar gida sau biyu. Na ce, yanzu duk wannan aiki, ba zan ga fuskar uwar Ummi mai kifi mai dariya ba, ko ta 'yarta? Da lokacin cin abincinsu ya kusa na zura baƙin hijabi na fita. Ta ƙofa ba dama, Yagana na nan da kaskonta. Sai na zaga ta baya, inda ruwan bara ya cinye katanga, na ratsa taɓo ina tattare zani. Tagar ajin ta fi tsayina, na jawo wani bulo na hau. Ni, Hukuma, a kan bulo, ina leƙe.

Anti Rukayya tana bi tana buɗewa ɗaya bayan ɗaya, ana tafi. Ga kwalekwalen gurji, ga agwagwar ƙwai, ga kifin Ummi da bakin tumatir yana ta washe baki kamar an yi masa albishir. Na taɓe baki. Sai aka zo kan langa.

"Iye, Abba, yau Mama da babban kaya ta zo mana! Ku matso, yara, ku matso."

Suka yi dafifi. Na ƙara miƙa wuya. Ta kwance kallabi, ta ɗaga murfi.

Aji ya yi tsit. Na ce a raina, yawwa, kwarjini ne.

Sai Ummi ta ƙwalla ƙara: "Anti! Ya cinye jariri! Ga hannunsa nan!"

Anti ta yi salati ta saki murfin, ya faɗi ƙasa da ƙara kamar an fasa kasuwa. Yara suka watse, wani ƙarƙashin benci, wani kan wani, kwalekwalen gurji ya kife, aka tattake kifi mai dariya. Wanda ya fi kowa ihu kuwa Maigida ne, ya maƙale ƙafar Anti yana "Wayyo Mama! Wayyo Mama!"

Mai hankali sauka zai yi ya sulale. Ni kuwa sai na cusa kai ta taga, da baƙin hijabi da haƙoran nan nawa jajaye da goro, na daka tsawa: "Kai, ku yi shiru! Ƙafar kaza ce!"

Wani yaro ya ɗaga kai ya gan ni. "Ga mai shi nan ta zo! Mayya!"

Abin da ya rage na ajin ya yi ƙofa. Na ji usur, na ji ana "Ɓarauniyar yara! Ta baya, ta baya!" Na juya zan sauka, bulo ya goce, na tafi da baya na zauna daɓas a cikin taɓo, takalmi ɗaya ya yi nasa wuri. Kafin in yunƙura Malam Bukar yana kaina da gora.

"Tashi! Yau dubunki ta cika. Tsofai-tsofai da ke!"

Na ja hijabi na rufe fuska ruf, na ce a raina ko kashe ni za a yi ba zan yi magana ba. Ya tasa ni gaba har ƙofar makaranta, ina ɗingishi da takalmi ɗaya, taɓo na ɗiga. Yagana ta taso da matsamin awara a hannu tana cewa, "A buɗe fuskarta! Irinsu ne suka hana mu barci!" Ta matso, sai ta tsaya. Ta dubi zanina.

"Wannan atamfar ai tare muka yanka... Hukuma? Ke ce?"

Na ƙara jan hijabi. Sai ga ƙarar babur. Ta ƙasan hijabi na ga ƙafar da ta sauko, na kuwa san takalmin. Fa'iza ce. Ashe hankalinta ne ya ƙi kwanciya, ta yi sammako daga Malam Madori da 'yar robarta, ta wuto makaranta kai tsaye.

Anti Rukayya ta fito da langa tana riƙe da ita nesa da jikinta. "Haba Maman Abba! Me muka yi miki? Abba ya ce ke kika yi."

Fa'iza ta dubi langa, ta san ta. Ta dubi abin da ke ciki. Ta dubi tulin taɓon da ke tsaye cikin hijabi. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "A yi haƙuri, Anti, ni ce. Hannuna ne ya zarce. Inna kuma biyo shi ta yi da ruwan sha."

Kun ga an rufa mini asiri. An buɗe mini ƙofa, saura in bi in fita. Sai Malam Bukar ya leƙa langar ya ce, "Wai duk a kan wannan ake ihu? Ai damo ne."

Ban san sanda na yaye hijabi ba.

"Damo a gidan wa? Malam Bukar, ka taɓa ganin damo da irin wannan gadon baya? Kada ne! Tun asuba nake jera fatar nan ɗaya bayan ɗaya!"

Na ji maganar ta fita, na bi ta da kallo, ba halin kamowa.

Yagana ta zauna a ƙasa daɓas, ta riƙe ciki. "Ke? Ke da kike cewa zamani ya lalace? Wayyo cikina, a taimake ni!" Awararta na ƙonewa a kasko ba ta ko waiga ba. Anti ta juya baya wai tana gyara mayafi. Fa'iza ta cusa bakin gyale a baki, kafaɗunta na rawa, hawaye na zuba, tana ta cewa "Sannu, Inna, sannu," muryar na karyewa. Maigida ya leƙo daga bayan uwarsa, majina har baki, ya ce, "Wannan saki uku ne, ba kome!" Kadan kuwa Malam Bukar ne ya tafi da shi ɗakin gadi. Daga baya ya aiko da langa a wanke, da saƙon wai gishiri ya ji daidai.

A hanyar gida ni a gaba, Fa'iza a baya riƙe da takalmina da ta tsamo. Sai da muka shiga zaure ta yi gyaran murya.

"Inna... haƙoran nan, da me aka yi su?"

Na yi kamar ban ji ba. Can na ce, "Kwakwa."

Ta ce, "Kai. Ni ban taɓa tunanin kwakwa ba."

Abin da na koya, ga shi kyauta: in za ki taka rawar da kika shekara kina hanawa, taka ta a tsakar gidanki, mutum biyu su yi dariya a wuce wurin. In kika ɓoye, gari guda za a tara miki.

Washegari Maigida ya ce shi ba zai ƙara cin abin da ke da murfi ba. Sai na ɗauko kujerata na dasa a tsakiyar gida, gari ya waye tangaran, ƙofa a buɗe. Na ce, "Fa'iza, miƙo wainar nan da karas." A gabansa na yi kunkuru, ina yi ina nuna masa, ya taɓa da yatsa ya tabbatar ba ya cizo. Da mai babur ya tafi da shi, na tuɓe takalmana, na haɗa da hijabaina duka uku, na miƙa wa surukata na ce ta kulle a ɗakinta, ko kuka ta ji ina yi kada ta ba ni sai an taso daga makaranta.