Layi Ɗaya da Ya Share Lissafin Kantin Magani

"...lafiya lau, sai gajiya. Kai fa, bawana, sai yanzu aka kwance ka daga turke?"

Da wannan ɗiyata ta tarbi ɗan ƙanwata, taubashinta, a kantinta na magani, inda nake zama da la'asar tun da na ajiye alli. Kamfanin da ke kawo mata kaya ya ce ba zai loda mota gobe ba sai ta aika lissafin abin da ya rage a tsarin fayil na kwamfuta da ake kira JSON, alhali nata a wani tsarin, CSV, yake. Shi kuwa ɗan ƙanwar tawa, aikin kwamfuta ne sana'arsa. Daga ofis ya taso, idanu jajur.

"Ni ne bawa? Ranar sunanki aka ce in zaɓa, ke ko akuya. Na ja akuyata."

"Ita ma kwana ɗaya ta yi ta gudu. Zauna ka yi abin da ya kawo ka."

Ya buɗe baƙin allon nan na kwamfuta wanda ba hoto sai rubutu, yana hamma. "Layi ɗaya ne. Zuba ido ki ga aikin masu ilimi."

"Na gani, har ya cinye maka gashin kai."

Ya buga umarnin, ya danna. Sai ya ƙura wa allon ido. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Gwani, yaya?"

"Kina da wani kwafin?"

"Wanda ke gabanka shi ke nan."

"To, sunan tsohon fayil na ba sabon. Ita kuwa na'ura sai ta fara wanke mazubi kafin ta ɗebo abin zubawa. Ta wanke shi tas."

"Wato ka share min kanti."

"Magungunanki suna nan. Lissafinsu ne ya yi tafiya."

Ta zauna a kan kwali, ta dafe kai. "Baba, ka ga ɗan ƙanwarka? Masu hawan jini suna jiran motar nan. Me zan ba su, layi ɗaya?"

Na ce ba na shiga tsakanin taubasai.

"Da ma fayil ɗin ya tsufa," in ji shi, "kamar mai shi."

"Tashi ka hau tsani. Kana karanto suna da adadi, ina bugawa."

Ya ɗaga kai ya dubi kantoci cike da kwalaye har rufi. Ya yi wata dariya marar ƙarfi, ya tuɓe takalma.

"Na ci ƙasa, ranki ya daɗe. Amma Kawu ne zai riƙe tsanin. Yau ban yarda da hannunki ba."