Yadda Ganiyu Totur Ya Gaida Surukarsa

"Ni da ka ɗaukar buhu huɗu bisa babur, ga ɗan akuya bisa tanki, ni za a koya ma keke? Wanga ai babur na da ba a gama ƙerawa ba."

Abdulganiyu ke nan, ɗan kabu-kabun Bagudo, wanda duk tasha ta sani da Ganiyu Totur. Ka san irinsu, aboki. Babur yakan tsaya in mai ya ƙare, amma bakin Ganiyu ba a taɓa jin ya nemi mai ba.

Abin da ya jawo cika bakin shi ne, Zayyanu da abokinsa Abu sun sayo kekuna masu giya, na hawa tudu, gwanjo daga kasuwar Dole Kaina. Duk ranar hutu sai su kutsa daji ta burtalin shanu, su zaga ta bakin iyakar Benin, su ɓulla Matsinkai, garin su Zayyanu. Zayyanu kuwa yayan Hamdiyya ne, budurwar da Ganiyu ke nema. Mahaifiyarsu, Goggo, ta sha faɗa cewa ita har yanzu ba ta ga natsuwa a tattare da yaron nan ba. Shi ya sa gogan naka ya ƙudura zai shiga Matsinkai a gaban kowa, tsaf da shi, ya sauka ya durƙusa ya gaishe ta, magana ta ƙare. Har farar shadda ya saka don shiga daji.

Aka ara masa keke. Zayyanu ya miƙo masa hular kwano.

"Aje abinka," in ji Ganiyu. "Kaina ya hi kwano ƙwari."

"To tsaya in gwada maka burki. Kekunan ga na ƙetare na, hannun hagu shi ad da burkin gaba..."

"Burki na matsorata na, yaya. Mu tahi."

Suka kama hanya. Damina ta ja baya amma ƙasa na da danshi, ciyawa har gwiwa. A tudun farko Ganiyu ya ji nauyi, sai ya murɗa hannun keke kamar yadda ya saba murɗa totur. Ashe nan ne wurin canza giya. Keke ya yi ƙaras, feda ta yi sakwaf. Ƙafafunsa suka shiga juyawa kamar maburgi, gumi na zuba, shi kuwa keke ko a jikinsa. Wata tinkiya da ke kiwo ta zo ta wuce su ba tare da ta yi sauri ba.

"Mi ya hwaru, Totur?" Abu ya tambaya daga saman tudu.

"Inji nika ɗumamawa."

Da suka isa mararraba, Ganiyu ya ce ya san wata 'yar hanya da ba wanda ya sani. Gaskiya ya faɗa, don ko shi bai san ta ba. Ya ja su cikin sabara da ƙaya har suka faɗa gonar wani tsoho. Ganiyu ya tambaye shi hanyar Matsinkai, tsoho ya amsa da Dandanci, ya nuna bayansu da kan fartanya, ya daɗe yana nunawa.

"Mi yac ce?" in ji Abu.

"Ya ce mun kusa."

"Ya ce muna cikin Benin," in ji Zayyanu, wanda ke jin yaren. "Kuma ka sauka bisa rogonai."

Suka juyo. Zuwa yanzu farar shadda ta koma kalar kunun tsamiya, ƙaya ta raba hannun rigar gida biyu. Da mai hankali ne, da ya lallaɓa a baya. Amma da rufin gidajen Matsinkai ya bayyana a ƙasan wani dogon gangare, sai tsohon ciwon ya tashi. Ganiyu ya ratsa tsakanin abokansa, ya saki keke, iska ta cika masa riga ya zama kamar buhun auduga.

Can gindin gangaren, inda ruwa ya bar taɓo, wasu mata na tsallakawa da ƙoren nono a ka. Ta gaba Goggo ce. Ta bayanta Hamdiyya.

Ganiyu ya san ba a wuce suruka a kan abin hawa, dole a sauka. Jikinsa ya tuna babur. Ya danna ƙafar dama neman burki, feda ce, gudu ya ƙaru. Ya sake dannawa, ya sake ƙaruwa.

"Kada ka taɓa na hagu," Zayyanu ya ƙwalla daga baya.

Ina! Ɗan kabu-kabu in zai rage giya, kuloci yake kamawa, kuloci kuma a hagu yake. Ganiyu ya damƙe shi da dukan ƙarfinsa.

Tayar gaba ta kafe. Keke ya tsaya, Ganiyu bai tsaya ba. Ya tashi ta saman kan keken, hannuwa a buɗe, ya sauka rub da ciki a taɓo, ya zame har goshinsa ya taɓa takalmin Goggo. Keken kuwa ya ɗaga baya, ya yi jim, ya dawo a hankali ya jingina da wani kalgo kamar mai jiran a ba shi izini.

Ko ɗigon nono bai zuba ba. Goggo ta dubi ƙasa.

"Ina wuni, Goggo," in ji taɓo.

"Lahiya lau, ɗana. Amma garinmu durƙusawa ta isa, ba mu ce a kwanta ba."

Hamdiyya ta cusa gefen mayafi a baki, kafaɗunta na rawa. Goggo ta dubi keke, ta dubi Ganiyu, ta gyara zaman ƙwaryarta.

"Ke Hamdiyya, cikin su biyun ga wane na ka nemanki? In keken na, na ba shi. Shi dai na ga ya natsu."